Dubu Ashirin Ba Ɗari

Da ƙarfe takwas da rabi na safiyar Laraba wata shugabar makaranta ta turo wa Malam hoton takardar talla a waya. Kafin tara, makarantu goma sha ɗaya sun turo irinta. Takardar ta Masu Bene ce, babban kamfanin manhaja da ke ƙarshen titi, kuma ga abin da suka buga da jan rubutu: "Gobe za a kawo muku Harhaɗa a kan 20,100. Tamu 20,000 cif."

Harhaɗa manhajar Malam ce. Tsohon malamin makaranta ne, ya kwashe shekara huɗu a ɗakuna uku na saman wani shagon taya yana gina ta, don malami ya haɗa hoto da murya da bidiyo ya tsara darasi ba sai ya nemi gwani ba. Gobe za a fara sayar da ita. Farashinta sirri ne, haka ma sunayen makarantu arba'in da za a fara kai wa.

Malam bai tsaya dogon tunani ba. A gaban kowa ya karɓe makullin ofis daga hannun ƙanwarsa, wadda ake kira Mai Talla, ya ce ita ce ta sayar da sirrinsa. Sannan ya kira 'yan sanda.

Sufeton da ya zo saura wata bakwai ya yi ritaya, kuma wayarsa har yanzu mai maɓallai ce. Ya duba ƙofa, lafiyarta ƙalau. Ya duba taga, ita ma haka.

"Me aka ɗauka?"

"Farashi, Yallaɓai, da sunayen makarantu."

"A ina kuka ajiye farashin?"

Malam ya nuna farin allo a ɗakin taro. An rubuta 19,900, an ja layi biyu a ƙarƙashi.

Sufeto ya kalli allon, ya kalli hoton takardar, ya sake kallon allon. "To ai ga shi nan ba a taɓa shi ba. Kuma wanda suka buga ba shi ba ne."

"An sace shi, Yallaɓai."

"An sace shi, yana nan, kuma ba shi ba ne." Sufeto ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya kama ɓarayin awaki, ya kama ɓarayin mota, amma bai taɓa zuwa inda kayan sata ke manne a bango yana kallonsa ba. Kansa ya ɗaure tamau, ya nemi kujera.

Mai Talla ce Sufeto ya fara kira. Ta shigo idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Wa ya yanke farashin nan?"

"Ni na kawo shi, ranar Litinin. Yaya yana so a sa dubu ashirin da biyar, wai ya sha wahala. Na ce masa shugaban makaranta ba wahalarka zai saya ba. Ido in ya ga sha tara a gaba sai ya ji sauƙi, ko da ɗari ɗaya ce tsakaninsa da ashirin."

"Sunayen makarantun fa?"

"Ni na tattara su. Wata uku ina yawo a rana, ofis-ofis."

"Kin san mutanen Bene?"

"Sun kira ni watan jiya, sun ce in koma wurinsu. Na ƙi, kuma ni da bakina na faɗa wa Yaya." Ta yi murmushin takaici. "Ga ladan gaskiya na samu."

Na biyu Injiniya ne, mai rubuta manhajar. Sufeto ya yi masa tambaya ɗaya, ya samu amsar minti goma da bai fahimci ko kalma uku a ciki ba.

"Tsaya, ɗana. Ka ga allon ko ba ka gani ba?"

"Na gani. Ni na saka lambar a shafin saye, sha tara da ɗari tara."

"Sunayen fa?"

"Ban taɓa buɗe su ba. Kwamfuta tana nuna wanda ya buɗe kowace takarda." Ya juyo da fuskar na'urar. Sufeto ya ga layuka kamar jerin tururuwa, ya gyaɗa kai don kada a raina shi. Abin da ya tsinta dai shi ne, ba wanda ya buɗe takardar sai Mai Talla.

Mai ɗab'in da ya buga musu takardun talla an kira shi a waya. Ya ce lamba aka ba shi, lamba ya buga, kuma bai san sunan makaranta ko ɗaya ba.

Saura Zuma, mai karanta musu murya, wanda ke zuwa Litinin da Laraba. Sunan ya bi shi, domin in ya ce "sannu" sai ka ji kamar an ba ka kyauta.

"Ni ba na shiga taronsu, Yallaɓai. Ɗan ɗakin can nake zama in karanta abin da aka miƙo mini. Wurin farashi ma fili aka bari a takardata, Malam ya ce sai yau zai cike."

Malam ya tabbatar da haka.

Azahar ta yi, Sufeto na zaune da littafinsa, bai ci gaba ko taku ɗaya ba. Duk wanda ya san farashin, daidai ya san shi. Wanda ya sayar kuwa ba daidai ya sayar ba.

"Ƙanwata ce, Yallaɓai," in ji Malam. "Da gangan ta canza lambar don kada a gane ta."

"Ta sayar musu da abin da gobe za su ga ƙarya ne? Su kuma su gode mata?"

A ƙasa masu taya suka kunna injin bayar da iska, ginin ya ɗauki rawa.

"Bari in rubuta daga farko," in ji Sufeto, ya ɗaga murya. "Nawa ka ce kuɗin manhajar?"

"Dubu ashirin ba ɗari."

Sufeto ya rubuta. Malam ya leƙo littafin. "A'a, Yallaɓai, ba haka ba. Ka rubuta 20,100."

"Ai haka ka ce. Dubu ashirin da ɗari."

"Ba ɗari na ce. Ba! Wato a cire ɗari. Haka muka tashi muna ƙirga, ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu."

Biro ya tsaya a hannun Sufeto. Ya kalli lambar da shi da kansa ya rubuta, ya kalli ta Masu Bene. Ba bambanci.

"Malam, ranar Litinin da kake rubuta lambar a allo, ka faɗe ta da baki?"

"Wataƙila. Ɗabi'ar aji ce, ba na iya rubutu a allo bakina a rufe."

Sufeto ya tashi ya ƙwanƙwasa bangon da allon ke jiki. Katako ne. Ya zagaya bayansa, sai ga shi a ɗan ɗakin ɗaukar murya, bango lulluɓe da soso, ga makirufo, ga kujera. Ya rufe ƙofa ya ce Malam ya maimaita. Muryar ta ratso kamar ta mai magana cikin bargo.

Ya fito ya sa aka kira kowa ɗakin taro.

"Baiwar Allah, ya za ku kai wa makarantu arba'in ɗin tallarku?"

Mai Talla ta ce, "Kowace makaranta za ta samu ɗan darasin gwaji. Da an buɗe, murya za ta gaishe su da sunansu, ta ce barka da zuwa, makaranta kaza..." Ta tsaya cak. A hankali ta juya ta kalli Zuma.

"Wa ya karanta gaisuwar?"

Sauran ma duk suka juya wajen Zuma.

"Kun yi ta gadin takarda a kwamfuta," in ji Sufeto, "alhali kun miƙa wa mutum sunaye arba'in ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Ba ku ƙirga shi cikin masu sani ba, don a wurinku murya ce kawai."

"Zato ne wannan, Yallaɓai," in ji Zuma. "Karatu ba laifi ba ne."

Injiniya ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. "Yallaɓai, Harhaɗa ba ta goge sauti. Ko ka yanke, tana ajiye ragowar a gefe, don kada malami ya yi kuskure ya rasa aikinsa. Malam ne ya dage a yi ta haka."

Karo na farko ke nan da Sufeto ya fahimci jimlar Injiniya daga farko har ƙarshe. "Kunna mana ragowar Litinin."

Aka kunna. Muryar Zuma ta gaishe da makaranta ta talatin da shida, sai ta yanke. Can nesa aka ji Malam a toshe, ana jin "dubu ashirin", sauran ya nutse. Kujera ta yi ƙara, alamar an matsa jikin bango. Sai raɗa, da wannan murya mai daɗi da ba ta ɓuya: "Ashirin da ɗari. Ashirin da ɗari."

Zuma ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Sun ce za su ɗauke ni dindindin," ya ce, kansa a ƙasa. "Duk tallarsu ni zan riƙa karantawa. Nan kuwa kwana biyu ne a mako."

Sufeto ya rufe littafi. "Malam, mai ido ba zai ga sha tara ya kai ashirin ba. Ƙanwarka ta gani, Injiniya ya gani, mai ɗab'i ya gani. Ɓarawon nan da kunne ya yi sata, ta bayan katako da soso, kuma bai saba jin irin ƙirgen Malam ba. A ofishin nan mutum ɗaya ne ke da sunayen a baki, bai kuma ga allo ba. Zuma, tashi mu je."

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Malam, in na fahimta, yanzu naku ne ya fi araha da ɗari?"

"Haka ne."

"Kuma su da kuɗinsu suka sanar wa makarantu arba'in cewa gobe za ku zo?"

"Haka ne, Yallaɓai."

"Allah Ya kyauta," in ji Sufeto. Ya sauka da Zuma yana girgiza kai, har yanzu bai tabbatar wa aka cuta ba.

Injiniya ya sulale ya koma kan na'urarsa. Ɗakin ya rage daga Malam sai ƙanwarsa. Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa mata, kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

"Ki yi haƙuri, auta. Raina ne ya ɓaci."

Ta bar hannun nasa a miƙe. "Baƙo ya zo ya ga lamba ba ta yi daidai ba, ya yini yana tambayar dalili. Kai ka ga lambar nan tun safe, Yaya, amma ko minti ɗaya ba ka tsaya ba."

"Na yi kuskure. A manta da shi."

Ta karɓi makullin ta jefa a jaka. "Gobe ƙarfe bakwai zan fara da makarantar farko. Takardar Masu Bene zan riƙe a hannu ɗaya, tamu a ɗaya, in bar su su ƙirga da kansu. Za mu sayar, kada ka damu."

"Maganar safe fa?"

Ta tsaya a saman matakala, ba ta juyo ba.

"Kai ka ce a yi manhajar da ba ta goge sauti, Yaya. Ni ma an yanke, amma ragowar tana gefe."