Mai Yi wa Kaka Kallo

A Kubwa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ladabi, tana da ƙoƙari a makaranta. Amma fa akwai ta da gardama. In aka fara musu da ita, sai dai mutum ya gaji ya bar mata.

Babanta ma'aikacin gwamnati ne. Tun da sassafe yake bin bas zuwa cikin gari, sai yamma liƙis ya dawo. Ummanta tana ɗinki a gida. Sai kuma Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga Katsina saboda ciwon ido.

Yanar ido ce ta rufe wa Kaka idanu. Tana ganin haske, tana ganin inuwar mutum, amma ba ta gane fuska. Likita ya ce sai nan da wasu watanni za a yi mata aiki. Kunnenta kuwa garau yake. Daga takun mutum a tsakar gida take faɗin sunansa, kuma tana alfahari da haka.

Akwai wani wasan kwaikwayo da Kaka take so. Duk Asabar bayan la'asar ake nuna shi a talabijin. Labarin wani ƙaramin asibitin ƙauye ne. Kaka tana jin duk abin da 'yan wasan suke faɗa. Amma wani lokaci sai su yi shiru, kiɗa kawai ke tashi. A nan ne take juyowa wajen jikarta.

"Ƙawata, me ake yi?"

"Likita ya buɗe taga, Kaka. Yana kallon hanya."

"Fuskarsa fa?"

"A murtuke."

"To, akwai magana ke nan."

Haka suke yi kowane mako. Yarinyar ce take yi wa Kaka kallo. Tana son aikin nan ƙwarai. Ba ta yarda kowa ya zauna mata a gefen Kaka, ko da Baba ne.

Abu ɗaya ne yake haɗa su musu, wato Nas Indo. Wata dattijuwar nas ce a cikin wasan, mai faɗa kamar me. Yarinyar ba ta ƙaunarta ko kaɗan. Kaka kuwa ba ta da ta biyunta.

"Matar nan muguwa ce," in ji yarinyar. "Kin ji tsawar da ta yi wa mara lafiya don ya ƙi shan magani?"

"Faɗa daban, mugunta daban," in ji Kaka. "'Ya'ya takwas na raina. Na san muryar mai faɗa don ƙauna."

"Ai don ba ki ga fuskarta ba ne."

"Na ji muryarta dai. Fuska ake shafa wa hoda, ba a shafa wa murya."

Baba yakan yi dariya ya ce, "Ku biyun nan gidan rediyo ya kamata a kai ku."

Wata Asabar Baba ya tafi suna a Lugbe. Umma tana ɗaki, keken ɗinki yana ta ƙara. Daga Kaka sai jikarta a falo.

A cikin wasan an kwantar da wani yaro mai suna Musaddiq. Ba kowa nasa a kusa. An kawo masa kunu ya ƙi sha. Nas Indo ta zo ta balbale shi da faɗa, ta fita. Sai magana ta ɗauke, kiɗa ya fara.

Yarinyar ta zuba ido. Ta ga Nas Indo ta dawo a hankali. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Ta ciro kwanon abincinta daga jaka, wanda ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ajiye wa yaron a gefen gado, ta gyara masa bargo, ta fita da yunwarta.

"Ƙawata, me ake yi?" in ji Kaka.

Makonni nawa suna musu, ga shi yau Kaka ta yi nasara. Kuma Kaka in ta yi nasara, sai ta yi kwana uku tana tsokana. Yarinyar ta dubi ƙofa. Ba kowa.

"Ta ɗauke abincin yaron," in ji ta. "Ta zubar a shara."

"Ta zubar?"

"Ƙwarai. Har da murmushi."

Kaka ta daɗe tana murza carbinta.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. "Ashe kunnen ma ya fara bin idon. Kin yi gaskiya, ƙawata. Kin fi ni gani."

Yarinyar ta zaci za ta ji daɗi. Ina! Ko kaɗan ba ta ji ba. Ta ci musu dai, amma zuciyarta ta yi nauyi.

Da Baba ya dawo ya yi sallama a bakin ƙofa, Kaka ta amsa. Sai ta ce, "Wane ne?"

Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Hajiya, ni ne fa. Yau kuma ba ki gane ni ba?"

"Na zaci kai ne," in ji Kaka. "Amma gara na riƙa tambaya. Kunnen nan ba abin dogaro ba ne yanzu."

Yarinyar ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa. Ta tashi sum-sum ta shige ɗaki.

Washegari Lahadi, Maman Justina ta shigo da yamma. Maƙwabciyarsu ce, tana da ɗan shago a ƙofar gidanta. Duk Lahadi in ta dawo daga coci ta huta, sai ta ɗauko kujerarta ta roba ta zo wajen Kaka su yi hirar wasan jiya. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, amma ita da Kaka sun fahimci juna sarai.

"Hajiya, ka ji Indo jiya?" in ji ta tun kafin ta zauna. "Sai da ya sa ni kuka."

"Kada ki yi mini zancen matar nan," in ji Kaka. "Na sallama ta."

"Me ya yi kuma? Ya ba yaro abincinsa fa. Shi ya zauna da yunwa."

"Zubarwa ta yi."

"Haba, Hajiya. Da idona na gani."

"Ni ma da idona na gani," in ji Kaka. Ta laluba ta dafa kan jikarta. "Ga idon nawa nan. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ƙila lokacin kin tashi sallamar mai sayen sabulu."

Maman Justina ta dubi yarinyar. Yarinyar ta dubi tabarma.

"To," in ji Maman Justina. "Ƙila ni ne ban gani da kyau ba."

Ba ta daɗe ba ta ɗauki kujerarta ta tafi. Ko shayin da Umma ta kawo mata ba ta shanye ba.

Da Maman Justina ta tona mata asiri, da ya fi wa yarinyar sauƙi. Amma ta rufa mata, ta yarda a ɗauka ita ce ba ta gani ba. Wannan ne ya sa yarinyar kuka.

Ta sami Umma a gaban keken ɗinki.

"Umma, na yi wani abu."

Umma ta tsayar da keken. "Ina jin ki."

Yarinyar ta faɗi komai, tana faɗa tana share hawaye. Umma ba ta katse ta ba har ta gama.

"Me ya sa kika yi haka?"

"Ba na son Nas Indo. Kuma ba na son Kaka ta kayar da ni."

"Da kin ce ba kya son Indo, wa zai hana ki?" in ji Umma. "Wannan ra'ayinki ne. Ni ma akwai waɗanda ba na so a wasan. Amma Kaka ba ra'ayinki ta tambaya ba. Abin da ke gabanki ta tambaya, don ita ba ta iya dubawa."

"Umma, ki gaya mata mana."

"Ni na yi mata ƙaryar?"

"A'a."

"To, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Je ki, tana kan sallaya."

Yarinyar ta jira har Kaka ta shafa addu'a. Ta durƙusa a gabanta.

"Kaka, ƙarya na yi miki jiya. Nas Indo ba ta zubar da abinci ba."

Kaka ta ɗago kai. Yarinyar tana jiran faɗa. Amma abin da Kaka ta fara cewa shi ne, "To, me ta yi? Faɗa mini tun daga farko."

Yarinyar ta faɗa mata. Waigen hagu da dama, da kwanon abinci, da bargon. Ba ta bar komai ba.

Kaka ta taɓa kunnenta, ta yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe yana nan. Jiya na ji tsoro, ƙawata. Na ce ido ya tafi, kunne ya bi shi, me ya rage mini?"

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na ƙaryata baiwar Allah a cikin gidana saboda ke. Tashi ki riƙe mini hannu, mu je wajenta."

Suka fita tare. Maman Justina tana jera burodi a shago. Yarinyar ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Kaka ma ta ba ta haƙuri.

"Ba komai, Hajiya," in ji Maman Justina. Ta ɗaga yarinyar ta share mata fuska da gefen zaninta. "Na san zai faɗa da kansa. Yaron kirki ne."

Yafiya dai an yi. Amma yarda ba ta dawowa rana ɗaya. Da Asabar ta zagayo, Kaka ta aika a kira Maman Justina.

"Yau ke za ki yi mini kallo," in ji ta.

Maman Justina ta zauna a gefen Kaka. Yarinyar ta koma can kusa da ƙofa. Ba ta yi gardama ba. Karo na farko ke nan a tarihin gidan.

Sai dai Maman Justina ba ta iya aikin ba. Da kiɗa ya tashi sai kallo ya ɗauke mata hankali.

"Me ake yi?" in ji Kaka.

"Kai, Hajiya, ka ga abu."

"Wane abu?"

"Bari, bari. Ayya."

Kafin ta yi bayani an wuce wurin. Yarinyar tana gani, bakinta yana ƙaiƙayi, amma ta yi gum, don ba ita aka tambaya ba. Haka aka yi Asabar biyu.

A ta uku, ana tsakiyar wasa kiɗa ya sake tashi. Maman Justina ta dafe ƙirji ta ce, "Ayya." Kaka ta girgiza kai.

"Baiwar Allah, na gode, amma da ayya ba a gane labari," in ji ta. "Ina yarinyar nan? Matso nan."

Yarinyar ta taso da sauri, har ta kusa ture kofin ruwa.

"Me ake yi?"

"An sallami Musaddiq, Kaka. Yana ɗaga wa kowa hannu. Nas Indo ba ta fito ba. Tana bayan labule tana leƙensa."

"Fuskarta fa?"

Yarinyar ta duba da kyau kafin ta amsa.

"Tana share hawaye da gefen ɗankwalinta."

"Haka ne?" Kaka ta tambayi Maman Justina.

"Haka ne, Hajiya. Daidai."

Tambayar nan ta yi wa yarinyar ciwo, amma ta san ita ta jawo. Ta ci gaba da bayani har wasan ya ƙare. Sau ɗaya kawai Kaka ta nemi shaida. Daga nan ba ta sake ba.

Da aka kashe talabijin, yarinyar ta ce, "Kaka, duk wannan abin da na gani ne. In faɗi ra'ayina yanzu?"

"Faɗa."

"Tana da kirki, na yarda. Amma har yanzu faɗanta ya yi yawa."

Kaka ta yi dariya har carbinta ya faɗi. Maman Justina ta ce ita tana bayan yarinyar. Umma ta leƙo daga ɗaki ta ce ita tana bayan Kaka. Aka yi biyu da biyu, aka yi ta musu cikin raha har aka kira magariba.

Da Kaka za ta tashi alwala, ta riƙe hannun jikarta.

"Kin gani ko?" in ji ta. "Ra'ayi naki ne, ki faɗe shi ko ya saɓa da nawa. Amma in mutum ya yarda da ke ya ce ki duba masa, amana ya ba ki. Ki faɗa masa gaskiya, ko da za ta kayar da ke."

"Na ji, Kaka. Ba zan sake ba."

"Na sani. Shi ya sa ranar da za a yi mini aikin ido, ke nake so ki riƙe mini hannu."

Murna ta kama yarinyar. Ta ruga ta cika wa Kaka buta.