Gwiwar Gwanin Gudu

A wani zamani mai nisa, an yi wani tsoho mai koya wa samarin garinsu gudu. Kowace shekara bayan girbi, garin kan yi tsere da mutanen ƙetaren kogi.

Ana saura kwana uku a yi tsere, sai tsohon ya lura gwaninsu yana ɗingishi. Ya taɓa gwiwarsa, ya ji ta kumbura.

Ya ce, "Ɗana, bana ba za ka yi gudu ba."

Saurayin ya ce, "Baba, ɗaure mini ita kawai, zan iya jurewa."

Tsohon ya ce, "Kai za ka iya, gwiwar ce ba za ta iya ba."

Dattawa suka zo suka roƙi tsohon, ya ce yaro ba zai yi gudu ba. Mai gari ya aiko, tsohon ya ce yaro ba zai yi gudu ba.

Ranar tsere mutanen ƙetaren kogi suka cinye su. Mutane suka daina gaida tsohon, shi kansa saurayin ya daina yi masa magana. Duk da haka, kullum da safe tsohon kan je ya gasa masa gwiwar da ruwan ɗumi. Haka ya yi ta yi har ta warke sarai.

Tsohon bai ga girbin baɗi ba, rai ya yi halinsa. Maƙabartar garin tana da nisa, can bayan dutse. Saurayin ne ya kama gaban makara, kuma bai yarda kowa ya karɓe shi ba har aka isa.