Almakashi da Ragin Bai-ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a zauren majalisar jihar ya san Almakashi. Ba sunan yanka ba ne, 'yan jarida ne suka laƙaba masa, don duk kasafin kuɗin da ya shiga kwamitinsa sai ya fito a rame. Mutum ne mai ra'ayin 'yan mazan jiya, kuma ba ya ɓoyewa. Yakan miƙe ya gyara tabarau, ya ce gwamnati ba uban kowa ba ce, kada a ciwo bashin da jikoki za su biya, kada a ƙara wa mai shago haraji don a saya wa kwamishina mota. Ni da nake ba ku labarin nan ban ce ƙarya yake yi ba. Yawancin maganarsa gaskiya ce, kuma a lokacin hannunsa babu datti.

A shekarar da abin ya faru, rigimar kasafi ta yi tsami. Gwamna na son ciwo bashi, ɓangaren Almakashi ya ce sam. Aka yi ta ja-in-ja har albashin malaman makaranta ya maƙale. Shi ne ya kawo mafita da dabarar da ya fi alfahari da ita, wato ragin bai-ɗaya. Maimakon a kashe ma'aikata guda mutanenta su cika titi da ihu, sai a ɗan gutsiri kowace ma'aikata kaɗan-kaɗan. Kowa zai ji zafi, amma ba wanda zai ji isasshen da zai sa shi kuka. Kasafi ya wuce, aka tafa masa.

Tafin nan ne ya shiga kansa. Babban taron jam'iyya na ƙasa yana tafe, manya suka fara raɗa masa cewa kujerar ma'ajin jam'iyya da shi ta dace. Sai dai wakilai ba sa cin jawabi. Wani tsohon ɗan majalisa, wanda ya yi arziki dare ɗaya ya kuma binne 'ya'ya biyu, shi ya yi masa kwatancen wurin boka. Almakashi ya san labarin 'ya'yan sarai. Ya ce a ransa ai wancan bai iya ciniki ba ne.

Da rana tsaka ya je, shi kaɗai. Wurin tsohon injin niƙa ne a bayan tashar mota, an daɗe da daina aiki da shi. Yana tura ƙyauren kwano, hayaniyar tasha ta ɗauke ɗif kamar an toshe masa kunne. Ɗakin ba taga, amma sanyi ya ratsa shi har ƙashi. A jikin bango an jera tukwane, kowace an ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Mazurarin injin, inda a da ake zuba hatsi, ya yi baƙi ƙirin da busasshen jini, ga ƙudaje sun lulluɓe shi amma ko ɗaya ba ya motsi. Bokan kuwa tsaf da shi, farar riga fes, yana zaune kan buzu yana yanke farce.

"Honorabul, ka makara. Tun ranar da aka tafa maka nake jiran ka."

Almakashi ya faɗi buƙatarsa.

"Abu mai sauƙi," in ji boka. "Mutanena za su buɗe maka ƙofa. Amma su ma suna da ciki. Mutum ɗaya daga gidanka."

"Mutum kuma? Baba, ai na ɗauka rago ne ko sa."

"Rago ake ba ka a taron naku? Kana da uwa, kana da mata, ga ƙane, ga 'ya. Zaɓi."

Nan ya kamata ya tashi ya kama gabansa. Ya ga fuskar Inna mahaifiyarsa, ya ga Auta 'yarsa tilo da ke karatun jinya, wadda dariyarta ke cika gida tun daga ƙofa. Yana son su, wallahi yana son su, kuma ba zai iya nuna ko ɗaya ba. To amma hali zanen dutse. Mutumin da ya shekara yana sasanta rigima a kwamiti, sai ya gyara zama.

"Baba, bari mu yi magana ta fahimta. Me ya sa sai an ɗauke mutum guda gaba ɗaya? A raba mana. A ɗan taɓa kowa kaɗan-kaɗan, abin da in an haɗa zai kai na mutum ɗaya. Ba a rasa kowa ba, mutanenka sun samu nasu."

Boka ya ajiye rezar hannunsa. Ya juya wajen tukwanen kamar mai sauraro. Jajayen ƙyallayen suka kumbura, suka lafa.

"Ba a taɓa kawo musu irin wannan ba. Sun ce sun yarda. Kai ka tsara, ko?"

"Ni na tsara."

"Faɗa da ƙarfi su ji."

Ya faɗa. Washegari ya dawo da kaya huɗu da ya zare daga igiyar shanya: zanen Inna, mayafin matarsa, rigar aikin ƙaninsa, da farar rigar makarantar Auta. Boka ya miƙa masa almakashi mai tsatsa, ya ce da hannunsa zai yanka. Ya bi kowane tufa ya gutsiri ɗan bakinsa, abin da ko tela ba zai lura ba. Aka zuba ƙyallayen cikin mazurari. Injin da ba shi da bel, ba shi da mai, ya tashi da kansa, ya yi gurnani, ya yi shiru.

Ƙofa kuwa ta buɗe. Wani fili da ya gada a bayan gari, wanda ko akuya ba ta kiwo a ciki, kamfani ya zo ya saya da tsada. 'Yan kwangilar da a da suke tsoron gaishe shi suka fara sallama da jakunkunan kuɗi, shi kuma ya daina mayarwa. A majalisa bakinsa bai canza ba, har ma ya ƙara kaifi wajen wa'azin tsimi.

A gida kuma, ƙananan abubuwa. Inna ta fara manta inda ta ajiye carbi. Matarsa ta ce barci ya rage mata. Ƙaninsa, mai gyaran wutar lantarki, ya ce hannunsa na ɗan rawa. Auta ta rage dariya. Almakashi ya duba, ya ga kowa na tafiya da ƙafarsa, ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce ya yi wa aljanu wayo.

Abin da bai lura ba shi ne, duk jakar da ta shigo, sai an ƙara gutsira.

Satin taro ya zo. Ya kama wa wakilai otal, ya ɗinka musu kaya, motoci suka yi ta jigila. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa, idanunta sun faɗa, sun yi ja.

"Baban Auta, kada ka tafi. Rabona da runtsawa na manta. Inna jiya ta tambaye ni ko ni wace ce. Yarinyar nan tun shekaranjiya ba ta ce uffan ba. Wani abu na cin gidan nan."

"Gajiya ce. In na dawo, asibitin da ya fi kowane zan kai ku."

A filin taro, tutoci da ganguna da lasifika. Ya hau dandamali ya yi jawabin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya ce ƙasa kamar gida ce, kuma maigidan kirki ba ya jinginar da iyalinsa don ya yi burga. Fili ya ɗauki sowa. Aka ƙirga ƙuri'a ya lashe, aka ɗaga hannunsa sama. Wayarsa na ta rawa a aljihu, bai duba ba sai da aka gama hotuna. Maƙwabci ne ke kira. Ƙaninsa yana kan tsani hannunsa ya kufce ya dafa wayar lantarki, ko shurawa bai yi ba.

Ya dawo ya tarar da zaman makoki. Kafin a share makokin, Inna ta daina gane abinci, ta manta yadda ake haɗiya, ita ma aka kai ta. Matarsa ta fara yawo a tsakar gida tana tsince abin da babu a ƙasa, tana gaisawa da bango. Auta kuwa tana zaune a bakin gado, ido buɗe, ba ciwo ba magana. In an ɗaga hannunta nan zai tsaya. Likitoci suka duba suka ce ba su ga komai ba. Shi kuma lafiya lau, har ƙiba yake yi, jakunkuna ba su fasa shigowa ba ko da ya ce a daina kawowa.

Ya koma injin niƙa, ya zube a gaban buzu.

"Baba, mun yi da kai ba za a rasa kowa ba! Na mutum ɗaya muka ce!"

"Na mutum ɗaya na nema, sau ɗaya, a wuce wurin. Kai ka ce a mayar da shi irin naku. To naku sau ɗaya ake yi? Kowace shiga da nata ragin. Kuma biyu sun tafi, nauyinsu ya koma kan biyun da suka saura."

"A kwashe dukiyar. A karɓi kujerar. Ni a ɗauke ni, a bar mini yarinyar nan, don Allah."

Boka ya yi dariyar da ba sauti.

"Yanzu ka tuna da Allah? Kaya huɗu ka kawo, Honorabul. Ina taka rigar? Ka raba wa kowa, ka tsallake kanka. Sun ce hakan ya yi musu. Ana buƙatar mutum ɗaya mai cikakken hankali da zai zauna ya gani."

Yana nan har yau yana gani. Kullum da safe yakan zauna gaban Auta da kofi da cokali, ya ɗiga mata ruwa a baki, ya kira ta, ya sake kira. Wata rana ƙwayar idonta takan ɗan juyo wajensa. Ranar da kyauta ta shigo gidan, ko wannan ba ya samu.

Ku da kuke ganin kun iya ciniki, ku ji da kyau. Shaiɗan ba ya faɗuwa a kasuwa, kuma wanda ya zauna tayi da shi ya riga ya sayar. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ba a gutsirar iyali kaɗan, domin wanda ka miƙa wa bakin zane ba zai tsaya ba sai ya kai ga mai zanen. Allah Ya raba mu da arzikin da za mu ci mu kaɗai a gidan da ba mai amsa sallama.