Kaset ɗin da Ya Ci Muryar Ma'aruf

Wa ya aike ku buɗe bidiyon bikin nan? Ke Yasmina, bakinki ba ya hutawa. Wai me ya sa muryar Babanku a ciki take wasai, yanzu kuma kamar daga cikin randa take fitowa? Ba tsufa ba ne, ba kuma taba ba ce. Ku ajiye wayoyin nan. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni da Turanci ya sha rankwashi.

Lokacin muna gidan haya a Glenwood, mai gareji a baya, uwarku Rahina tana wata tara da cikinki. Ɗana Ma'aruf, Babanku, in ya taso aiki sai ya shige garejin nan da tsofaffin kaset. Kiɗan Turawa ne mai jita da ihu, wanda aka yi a manyan taruka tun ba a haife shi ba. Kuma ba na kamfani ba ne, 'yan kallo ne suke ɓoye rakoda a riga su ɗauka. To rakodar wani gudu take, ta wani jan ƙafa take, sai waƙa ɗaya ta fito nan siririya, can da kauri. Injin da yake saka su yana da maɓallin ƙara gudu da ragewa. Ya murɗa dama waƙa ta hau, ya murɗa hagu ta sauka, har jita ta zauna inda masu ita suka ɗaure ta.

Wata Laraba gab da magariba ya tafi Summerfield karɓar kwalin kaset wajen wani tsohon Bature. Gona ce ta dawakai. Abin da ya fara lura da shi, dawakan duk sun taru can ƙarshen shinge, sun juya wa gidan baya. Tsohon bai amsa gaisuwa ba. Ya nuna kwali da yatsa. Ma'aruf ya ciro walat, tsohon ya girgiza kai, ya tura masa kwalin da ƙafa. Wa ke ba da irin wannan kaya kyauta? Sai da ya tada mota tsohon ya buɗe baki, kalma ɗaya, wai ya yi haƙuri. Ma'aruf bai ji ta a kunne ba. A ƙirji ya ji ta, kamar tirela ta wuce.

A ƙasan kwalin akwai kaset ɗaya mai warin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Takardar jikinsa cike da rubutun fensir, hannu daban-daban. Kowa ya rubuta yawan gudun da ya ƙara wa kaset ɗin, na bayansa ya soke ya rubuta fiye.

Ya saka. Kiɗan ya fito da nauyi, mawaƙin kamar mai barci. Ya murɗa dama kaɗan, komai ya zauna daram. Washegari ya saka, ya tarar ya sake sauka. Ya zargi injin, ya gwada wasu kaset, lafiyarsu ƙalau. Ya ƙara murɗawa.

Rahina ce ta fara ji. "Baban Lawal, mura kake?"

"Ƙalau nake."

"To ka daina yi mini muryar mai gida, ni ba tsoronka nake ba."

Ni kuwa rigarsa na shinshina, na laluba aljihu. Babu taba. Rana ta uku ya kira ni a waya, na ce wa nake magana da shi? Ta huɗu ya yi wa Lawal sallama, yaro ya ɓuya bayan uwarsa. A nan hankalinsa ya tashi, don haihuwa yau ko gobe ce, kuma shi zai yi wa jariri kiran salla a kunne. Da wace murya?

Amma taurin kai irin na ubansa. Rannan rana na faɗuwa ya koma gareji, wai sai ya gano inda matsalar take.

Ya sa abin ji a kunne. Ganga, jita, ihun jama'a. Can ƙarƙashinsu, wani yana bin waƙar da hanci. Mmm. A hankali, kusa da rakodar.

Ya murɗa dama. Jita ta hau, ihun ya siranta, mawaƙin ya koma kamar yaro.

Mai hancin bai hau ba.

Ku ji da kyau. Duk abin da ke cikin kaset, in ka ƙara masa gudu dole ya hau. Dole ne. Abin da bai hau ba, ba a cikin kaset yake ba.

Ya zare abin jin a hankali. Kiɗan ya koma ƙus-ƙus a hannunsa.

Mmm ɗin na nan. Bayan kunnensa na hagu.

Warin ciyawa ya cika garejin. Iska mai sanyi na taɓa wuyansa, ta ɗauke, ta dawo.

Sai ya gane muryar. Tasa ce. Irin ta bidiyon nan da kuka gani.

Aka ce masa, ƙasa-ƙasa, da Hausa: "Ƙara kaɗan."

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Abin da ya fito gurnani ne, har gwangwanin fenti ya yi rawa a kan kantar ajiye kaya.

Bai waiwaya ba. Wannan kaɗai ya yi na hankali. Duk abin da ya ƙara wa kaset, ashe daga maƙogwaronsa ake yankowa. Ya kama maɓalli ya murɗa hagu.

Maɓallin ya yi tauri, kamar an riƙe ta ɗaya gefen.

"Kar ka yi."

Ya sa hannu biyu. Maɓallin ya motsa. "A'u..." ta fito. Ya dubi tagar kaset, zare saura ƙiris.

Ya ƙara murɗawa. "A'uzu billahi..."

Sanyi ya kama masa wuyan hannu.

Saura taku ɗaya maɓallin ya koma inda ya same shi.

Ƙwas. Kaset ya ƙare.

Shiru. Sai ƙarar bas can bakin titi, sai Rahina tana ƙwala masa kira daga kicin, naƙuda ta taso.

Washegari da hantsi ya ɗauke ki a asibiti, ya sa baki a kunnenki na dama. Muryar ta fito. Da kauri, amma ta mutum ce. Kika yi tsit har ya gama.

Takun nan ɗaya bai dawo ba har yau. Ya ce zai sake sakawa ya ƙarasa, na ce in ya taɓa shi ban yafe ba. Ni da hannuna na naɗe kaset ɗin a tsumma, na sa ya kai ni Summerfield. Gidan a kulle, dawakai na kiwo har bakin ƙofa. Na ajiye a kan matakala, muka juya, ba wanda ya waiwaya. Ya sayar da injin. Shi ya sa in kuna bin waƙa da hanci yake fita daga ɗaki, ku kuma kuna dariya.

Lawal, cire abin nan daga kunnenka ka ba ni. Ku wanke baki, kowa ya yi addu'a da ƙarfi in ji muryarsa, ku wuce ku kwanta.