Maɓallin Rigar Baba

Akwai wani yaro da ake kira Auta. Duk abin da ya samu, baki yake kai shi. Murfin biro, gindin fensir, har wuyan rigarsa.

"Auta, wai bakinka aljihu ne?" in ji Umma. "Tofar!"

"Aljihuna ne ya huje."

"To kawo in ɗinke."

"Sai gobe."

Baban Auta direba ne. Bara ya rasu, aka rabar da kayansa. Auta ya tsinci maɓallin ƙarfe na rigar aikin Baba a ƙarƙashin gado. Bai nuna wa kowa ba, yana tsoron kada a raba shi da shi.

Wata rana da hantsi yayarsa tana shara, ta ga ya dunƙule hannu.

"Me ka ɓoye, sarkin tsince-tsince?"

Auta ya yi wuf ya jefa maɓallin a baki. Yaya ta yi masa cakulkuli. Ya yi dariya, maɓalli ya wuce.

Ƙirjinsa ya fara ciwo, amma ya yi shiru. Da aka kawo abincin rana, ko ruwa ya kasa haɗiyewa. Yawu sai zuba yake.

"Yau kuma me ka haɗiye?" Umma ta tambaya.

"Maɓalli."

Umma ta dafe kai. "Ni kam na gaji. Bakina har ya yi tsami da faɗa."

Kaka ta ce, "A ba shi ayaba ta tura shi ciki."

"A'a, Inna. Abin da ya tura ma ya isa. Yaya, ɗauko mini mayafi."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ta nuna wani farin ɗigo.

"Ga shi nan, ya maƙale a hanyar da abinci ke bi. Kun kyauta da ba ku ba shi komai ba. Da ya daɗe, sai ya ji masa rauni."

Aka sa Auta barci, aka zaro maɓallin.

Da ya farka, ya ga Umma za ta jefa shi a kwandon shara.

"Umma, na Baba ne," ya ce da dasasshiyar murya.

Umma ta tsaya. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta.

"Ja'iri," ta ce a hankali. "Ai da ka faɗa mini."

Da suka koma gida, ta wanke maɓallin. Ta ɗinka shi a rigar Auta, daidai ƙirji, amma ta waje. Ta haɗa da aljihun ta ɗinke.

Daga ranar Auta bai ƙara sa komai a baki ba sai abinci. Ya gane baki ba ma'ajiya ba ne, kuma yaron da ya haɗiye wani abu, ya gaya wa manya nan take.