Keken Sajan a Saman Bene

Ranar da Saloma ta fara tsayawa a rumfar Philemon mai gyaran keke, a bakin kasuwar Zuru, ta same shi a tsugune yana juya ƙafar wani keke, ya kara kunne yana saurare kamar likita.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ya ɗaga mata yatsa alamar ta dakata. Sai da ya ɗaure waya ɗaya ya sake juyawa, sannan ya ɗago. Da ya ɗago ɗin kuma, sifanar hannunsa ta suɓuce ta faɗa masa a kan yatsan ƙafa. Saloma ta danne dariyarta, amma a ranta ta ce wannan baƙin saurayin ba laifi.

Ta nuna masa hoto a wayarta: wani ƙarfe da ake kafe ƙafar bayan keke a kai, mutum ya yi ta tuƙi a cikin ɗaki bai motsa ba.

"Tirena sunansa," ya ce. "Ke za ki hau?"

"Babana ne. Kuma wanda ba ya ƙara nake so. Ko kaɗan."

Baban nata Sajan Dawuda ne, tsohon soja. Wata huɗu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a gonarsa ta Manga, ɓarin hagu ya shanye. Da yake mamanta ta daɗe da rasuwa, Saloma, wadda malamar firamare ce, ta kawo shi filat ɗin da take haya a saman bene. Da ɗauka aka hau da shi, tun ranar kuma bai sauko ba. In masu dubiya sun zo sai ya zauna a miƙe, ya rufe ƙafar da bargo, ya ce sauƙi ya samu.

Likitan gashin ƙashi ya ce sai ya riƙa tuƙa keke. Sajan ya ce nasa kawai zai hau, tsohon da ya dawo da shi daga bariki. Sannan ya kafa sharaɗi: kada wani mahaluki ya ji cewa ana cicciɓar Sajan Dawuda kamar jariri ana ɗora shi a keken da ba ya zuwa ko'ina. Ran da aka ji, ya bar hawa ke nan.

"Ga shi a ƙasanmu Maman Sandra take," in ji Saloma bayan ta gaya wa Philemon duk wannan. "Cokali ya faɗi a ɗakina sai ta tambaye ni me na dafa."

Philemon bai yi dariya ba. Ya goge hannu ya ce, "Akwai mai fanka, wannan ki manta da shi, kamar injin niƙa yake. Mai maganaɗisu da dama-dama, amma yana gurnani. Wanda ke da mai a cikinsa shi ne mai shiru. Sai dai, Malama, rabin ƙarar daga taya take fitowa. Taya mai ƙuraje ce a keken Baba?"

"Ina na sani?"

"To zan zo in gani. Maganar kuma daga ni sai ke."

Mako biyu bayan nan ya samo na gwanjo daga Kaduna, ya hau da shi a cikin buhu. Ya sa wa keken taya sumul, ya shimfiɗa roba mai kauri ninki biyu, ya matsar da shi nesa da bango. Sai ya ajiye kofin ruwa a ƙasa, ya hau ya tuƙa yana kallon ruwan. Ruwan ya ɗan yi rawa. Ya sauko ya ƙara roba, ya shafa wa sarƙa mai, ya sake hawa. Wannan karon ruwan bai motsa ba.

Duk da haka bai yarda ba. Ya tura Saloma ƙasa ta roƙo daddawa wurin Maman Sandra. Tana tsaye a falon matar saƙonsa ya shigo:

"Tuƙi nake iya ƙarfina. Me kike ji?"

"Labarin surukar Maman Sandra kawai."

"Madalla. Ki hawo, Malamata, numfashina ya kusa ƙarewa."

Ta karanta "Malamata" sau uku a kan matakala. Ai kuwa shi ke nan, Saloma ta kamu.

Matsalar da ta rage, ba ta iya ɗaga babanta ita kaɗai. Philemon ya ce zai riƙa zuwa ƙarfe shida na safe kafin ya buɗe rumfa. Haka aka yi. Ya rungumi tsohon ya ɗora shi, ya ɗaure ƙafar hagu a feda, ya riƙe shi ta ɗamara yana ƙirga masa. Sajan ya zage shi, ya ce masa ragon farar hula, shi kuwa sai dai ya ce, "Saura goma, Baba." Saloma tana tsaye da tawul tana kallon haƙurin nan, tana jin sonsa yana cika mata ƙirji.

Tsohon soja ba makaho ba ne. Wata safiya ya kama su suna kallon juna ta saman kansa.

"Kai yaro, ni aka kira ka ka riƙe," ya ce. "'Yata tana da mai nema, Laftana Aaron, ɗan abokina. Jinin soja gidan soja yake zuwa. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba," in ji Philemon. "Gobe ƙarfe shida?"

Kashegari kafin shida yana bakin ƙofa.

To, shirun da suka sha wahalar nema shi ya zame musu jidali. Maman Sandra ta ga saurayi yana hawa kullum da sassafe, a rufe ƙofa, bayan awa guda ya sauko sharkaf da gumi.

"Wai aiki yake yi," ta ce wa matan gidan. "Wane aiki ne ba ƙara? Ni da nake ƙasansu ko ƙwas ban taɓa ji ba. Uba a kwance, 'ya ta samu sake."

Kafin mako ya zagayo magana ta kai coci, ta kai makaranta. Aaron ko kira bai yi ba, saƙo ya turo: "Na ji abin da ake faɗa. Mu bar maganar nan kawai." Dattawan coci suka kira Philemon suka tambaye shi abin da ke kai shi gidan.

"Aiki ne," ya ce.

"Wane aiki?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Suka dakatar da shi daga cikin mawaƙan coci. Ita kuma Saloma, iyayen ɗalibanta suka fara amsa gaisuwarta ciki-ciki. Ba ta iya gaya wa babanta, likita ya hana a tayar masa da hankali. Zuciya ta ɗebe ta, ta rubuta wa Philemon:

"Sunana yana yawo a bakin mutane, kai ka yi shiru. Ashe alkawarinka ya fi ni?"

Amsar ta zo nan take: "Babu abin da ya fi ki, farin cikina. Amma jiya Baba ya tsaya da ƙafarsa har na ƙirga ashirin. In ya ji an sani, ba zai sake hawa ba. Ki ba ni wata ɗaya, in ya so in sha ko wane zagi."

Kwana uku tana buɗe masa ƙofa ba ta kallonsa, shi kuma bai fasa zuwa ba.

Ran Asabar mata suna wanki a bakin famfo lokacin da Philemon ya sauko. Maman Sandra ta ɗaga murya: "Ma'aikacin Malama an tashi aiki. A dai riƙa jin kunyar tsoho." Aka kwashe da dariya.

Sajan yana hutawa a jikin taga, ya ji komai.

"Saloma, me matar nan take nufi?"

Ta durƙusa ta fashe da kuka, ta gaya masa duka, har da saƙon Aaron da maganar dattawa. Tsohon ya ce, "Miƙo min takalmina da sanda."

Matakala ashirin da biyu ce. Philemon ya hango shi ya rugo. "Kada ka taɓa ni," in ji Sajan. "Ka dai tsaya a gabana." Ya sauko ɗaya bayan ɗaya, yana jan ƙafar hagu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, Saloma a bayansa hannu a baki. Da ya taka ƙasa, ruwan famfo kaɗai ake ji.

Ya sa aka sauko da keken da tirenar, aka kafa a tsakar gida. Ya buɗe hannu, Philemon ya rungume shi ya ɗora shi a gaban kowa, ya ɗaure masa ƙafa. Ya tuƙa. Ko kazar da ke kiwo a gefe ba ta ɗago ba.

"Ga aikin da ba ki ji ba, Maman Sandra," ya ce yana haki. "Wata biyar yaron nan yana ɗaukata. Ni na hana su faɗa, don girman kaina, 'yata kuma ta biya da sunanta."

Maman Sandra ta sunkuyar da kai cikin baho tana cewa a yafe mata.

Sajan ya juya ga Philemon. "Ni kafin a ba ni uwar yarinyar nan, shekara bakwai na yi ina golmo, ina noma gonar surukina. Kai ka yi naka a saman bene, kan tsohon da ke zaginka. Ka turo manyanka."

Philemon ya zube ƙasa. Saloma ta durƙusa kusa da shi ta ce a hankali, "Ka yafe min, Injiniyana."

"Ni ban riƙe ki ba, Malamata."

Kashegari Sajan da kansa ya je gaban dattawa, aka mayar da Philemon cikin mawaƙa. Bayan girbi aka ɗaura aure, mutanen Manga suka cika mota biyu. Sajan ya sa lambobin yabonsa na soja a ƙirji, ya riƙe hannun 'yarsa, ya taka da ita tun daga ƙofar coci har gaban fasto, a hankali, babu wanda ya gaggauta shi. Ya ɗora hannunta a na Philemon ya riƙe su duka biyun.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya, ɗana," ya ce, idonsa ya ciko. "Yadda ka rufa min asiri, Allah ya rufa naku. Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu halinka."

Coci gaba ɗaya ta amsa da amin.