Ranar da Abdulhakeem Ya Zauna a Bencin Mata

"Akwai tambaya?" in ji mai allurar, tana rufe katin rigakafi.

Tambaya kam har uku ce a bakin Mubaraka. Me ya sa kafaɗar jaririnta ta yi ƙurji tun allurar farko? Me ya sa jikinsa ya yi zafi bayan ta biyu? Ta yau fa?

Amma Muzzammil ɗan fari ne, ga kuma surukarta Inna Kubura zaune riƙe da shi. A gidansu mijinta a Gwandu, uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi gaban manya.

"Babu," in ji Inna.

Suna fita Inna ta karɓe katin ta cusa a lalitarta.

"Wagga ita ce ta ƙarshe. Ba a ƙara huda mini jika."

Mijinta Abdulhakeem na dawowa daga gona, Mubaraka ta tare shi a ɗaki.

"Haba zumata, sanyin idona..."

"Ajiye zuman nan. Ka yi wa Inna magana."

"In ce mata mi? Ni ma fa ɗan farina ne."

"A ɗaki ka yi ta shinshinarsa, a tsakar gida ka wuce shi kamar buhun gero. Ni ban san ko Inna ke da gaskiya ko asibiti ba. Tambaya kawai nake son yi, kun ɗaure mini baki."

"Bari ta huce, gobe..."

Goben nan, jama'a, sati huɗu ta yi ba ta iso ba. Ya kawo tsire, ya kawo turare, har da wani takalmi da ya yi mata kaɗan. Magana ce dai bai kai wa Inna ba.

Ana jibi ranar awo da allura ta gaba, Mubaraka ta goya ɗanta ta hau mota sai Kalgo, gidan iyayenta. Kafin la'asar labari ya kai har ƙauyen Dalijan wai aure ya mutu. Ban ce ga wadda ta kai shi ba.

Ranar awo ta tafi asibitin Kalgo ita kaɗai.

"Ina katinsa?" in ji Sista Dibora.

Mubaraka ta sunkuyar da kai. Ta ce surukarta ta ƙwace? A gaban matan unguwarsu?

"Ga shi nan."

Abdulhakeem ne a bakin ƙofa, gumi sharkaf. Ya duba babu wurin maza, sai ya raɓa ya zauna a bencin mata, gwiwoyinsa har ƙirji. Mata suka shiga taɓa juna.

"Ni ne uban Muzzammil," ya ce. "Ɗana ne na fari. Ƙurjin kafaɗarsa, lafiya?"

Wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi.

"Lafiya lau," in ji Sista. "Haka allurar tarin fuka take yi, ta warke ta bar tabo. Zafin jikin ma kwana ɗaya ko biyu ne. In ya wuce haka, ku kawo shi."

"In aka tsallake ta yau fa?"

Mubaraka ce ta tambaya, ita kanta sai da ta ji mamakin muryarta.

"Kariyarsa ba ta cika ba ke nan. Da ma haka kuke tambaya, ai da na huta."

Aka yi allura, Muzzammil ya cika asibitin da kuka.

Da suka fito, a gindin dalbejiya Mubaraka ta harare shi.

"Inna ta sani?"

"Na durƙusa na roƙe ta. Ta ce ba ni da kunya, ta jefo mini katin." Ya sosa ƙeya. "Har na tada mashin ta leƙo, wai in tambayo mata ko ana shafa wa ƙurjin man shanu."

"Ka tambaya?"

"Kai! Na manta..."

Ya koma ciki da gudu. Ya fito yana haki, wai Sista ta ce kada a shafa komai.

"Zumata, mu je gida?"

"Sai ka fara zuwa ka ba Babana haƙuri." Ta gyara goyo, ta hau bayan mashin ɗinsa. "Kuma ka tuƙa a hankali. Ɗana na barci."